Ƙanwata tana kaso bayan ta rama dukan mijinta, ta ina za mu fara?

Maman Nafisa (Bukoki, Yamai):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema don Allah, wanda zai zo da zagi ya yi haƙuri ya wuce, abin da ke kaina ya ishe ni. Ni ina Yamai da aure, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana aure cikin jihar Tawa, tun tana 'yar shekara 16 aka kai ta, yanzu ɗiya ukku, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Mijin ɗan ci-rani ne, in ya tahi Abijan gida lahiya lau har ƙiba take yi, in ya dawo sai duka, yau kan cefane gobe kan waya jibi wai ta gaida wani a hanya. Yajin da ta yi ba ya ƙirguwa, kullum baba ya sa a maida ta wai aure ɗan haƙuri ne kuma shi ba ya son zawara cikin gidanshi. Akwai sadda ya haure ta tana da ciki, cikin ya zube, aka ce ma mutane zazzaɓi ne.

To kafin azumi ya rufe ɗaki ya hau ta da wayar wuta, ita kuma Allah ya haɗa hannunta da taɓarya ta maka mishi, hannu ya karye kai ya fashe. Bai mutu ba alhamdulillahi, yana nan yana yawonshi. Danginshi ba su ɓata lokaci ba suka kai shi likita aka yi mishi sartifika suka kai ƙara, aka zo aka ɗauke ta, daga baya aka wuce da ita kaso da yaron goye a bayanta. Har yau ba a yi shari'a ba. Manyan ɗiyan biyu suna hannun uwar mijin, an hana inna ko ganinsu.

Ni ban taɓa taka ƙofar kaso ba, mi ake kai ma mace can, ana barin mutum ya gan ta, yaron fa ya zai yi? Avoka kuma, wato lauya, ba mu da kuɗinshi, maigidana ɗan kabu-kabu ne. Wani ya ce in kawo jika 200 zai san yadda zai yi ta fito, baba kuma ya ce a tahi a ba mijin haƙuri ya janye ƙara ta koma ɗakinta. Ni wallahi komawar nan ita ta fi ba ni tsoro.

Ɗiyar Adar:

Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya fidda ta ya isar mata. Ni ba ni da ilimin abin amma jikan nan 200 kada ki ba kowa yaya, an yi ma wata maƙwabciyarmu haka kuɗin suka tahi mutumen ya kashe waya.

Hajiya Mai Saƙa:

Maman Nafisa ƙanwata sannu. Ni na zauna ciki, ba na ɓoyewa yanzu, kuɗin adashe ne suka narke a hannuna aka kai ni, ba zan faɗi wane gari ba. Bari in gaya miki yadda abin yake don ki san da mi za ki tahi.

Ɓangaren mata daban yake da na maza, ƙarami ne don mata ba su da yawa, amma ƙanƙantar ita ce wahalar, ɗaki ɗaya ko biyu a zuba kowa, wadda aka yanke ma hukunci da wadda ke jira, tsohuwa da budurwa da mai jego duk tabarma na gogar tabarma. Lokacin zahi watan huɗu da na biyat in an rufe ƙofa da marece ba ki da labari sai safe, yara na kuka, ƙuraje su fito musu, uwar na fifita da murfin kwano har asuba. Abinci ana bada tsaba, hatsi ko masara ko shinkafa, mu ke dafa abinmu a tsakar gida, amma kayan miya da gawayi sai in kina da mai kawo miki. Mai shayarwa kuwa wannan abincin ba ya kawo nono, don haka ki tahi mata da garin kunu, ƙuli-ƙuli, sukari, madara, busasshen kifi ko kilishi in da hali, mai, magi da yaji. Sabulu da omo ki kai da yawa don can sabulu kuɗi ne, da shi ake biyan wadda ta ɗebo miki ruwa ko ta riƙa miki yaro. Gidan sauro, bokiti mai murfi, zannuwa masu duhu, da audugar mata, wannan kada ki manta, ba wanda ke tunawa da ita kuma kunya ke hana mace ta roƙi gardi namiji. Katin rigakafin yaron ma ki nemo shi ki kai. Waya ba a bari, kada ma ki gwada ɓoye ta cikin tuwo, ana caccaka abinci a ƙofa kuma ita za ki ja ma.

Tunda ba a yi shari'a ba sai kin karɓi takardar izinin ziyara wajen alƙalin da dosiyenta ke hannunshi, ki tahi da katinki na ɗan ƙasa.

Amma ƙanwata abin da ya fi yunwa ciwo shi ne rashin mai zuwa. Ranar ziyara ki leƙa ki gani, layin masu kawo ma maza abinci har bakin titi, matansu da uwayensu da kwanoni a kai, rana na dukansu ba su fasawa, shekara da shekaru. Ɓangarenmu kuwa sai a wuni ba a kira sunan kowa ba. Namiji in ya shiga kaso matarshi ke ɗawainiya da shi, mace in ta shiga takardar saki ke biyo ta, na ga wadda gardi ya miƙo ma takarda ta zaci daga kotu ne tana murna, ashe saki ne mijin ya aiko ƙaninshi da shi. Dangi ma sai su ce ta zubda musu mutunci, a ce ma yara uwarku ta yi tahiya.

Kuma da dare in aka fara hira kowa ta buɗe cikinta, sai ki ga labarin kusan guda ne. Wadda ta zuba ma kishiya ruwan zahi, wadda ta yar da jariri don wanda ya yi mata cikin ya tsere kuma ubanta ya rantse zai kashe ta, wadda aka kama da ƙwayoyin da mijinta ne ke saidawa ita ajiya kawai aka ba ta. Ba na cewa ba su yi laihi ba, wasu sun yi kuma babba, amma in kika bi baya da wuya ki rasa duka ko auren dole ko yunwa a gindin abin. Akwai wata yarinya da muka zauna tare, bayanta duk tabon bulala, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura ta rufe kai da hannu biyu, ta ce min Hajiya wallahi nan na fara barci har safe ba tsoron a tashe ni da mari. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Saƙar da nike ci da ita yau can na koye ta, wasu 'yan ƙungiya ke zuwa suna koya muna saƙa da haɗa sabulu. Ki ce ma ƙanwarki in ana yi ta shiga, zaman tagumi ke kashe mutum. Kuma ki tahi da kanki ko sau ɗaya a wata ne, na san Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500 kuma kuɗin mota ba wasa ba, amma ganin fuskarki ya fi duk abin da za ki aika ta kamfanin tura kuɗi na Nita. Masu tsaron ma in sun ga mace na da dangi masu bibiya sun fi kiyaye ta.

Abdul Doka:

Salam hajiya. Na karanta doka a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ga abin da zan iya ƙarawa kan na Hajiya Mai Saƙa.

Na farko maganar baba cewa in miji ya janye ƙara shi kenan, ba haka doka take ba. Rauni irin wannan da zarar ya shiga hannun prokirer, mai gabatar da ƙara na gwamnati, ƙarar ta zama ta hukuma, janyewar mijin tana iya sassauta hukunci kuma ta kawar da maganar diyya, amma ba ita ke buɗe ƙofar kaso ba. Kenan kuna iya zuwa ku durƙusa ku yi alkawarin maida ta ɗakinta kuma ta ci gaba da zama ciki, an yi biyu babu.

Maganar avoka, akwai hukumar gwamnati da ake kira ANAJJ, dokar 2011 ce ta kafa ta don taimaka ma marasa ƙarfi a gaban shari'a kyauta, tana da biro a manyan kotunan jihohi, a jiharmu ki nemi na babbar kotun Tawa ko ta Ƙonni, ya danganta da inda dosiyen yake. Za su saurare ki su gaya miki takardun da za ki kawo na shaidar rashin ƙarfi. Gaskiya mafi yawan avoka suna Yamai ne, shi ya sa a jihohi ake naɗa wasu masu kare wanda ake tuhuma ko da ba avoka ba ne, to ko wane aka ba ku ku riƙe shi da kira, dosiyen da ba a tambaya shi ke kwana ƙasan tebur. Tunda kina Yamai ki leƙa wajen ƙungiyar mata masana doka, AFJN, da ANDDH ta kare haƙƙin ɗan Adam, suna bada shawara.

Abin da za a fara nema shi ne sakin talala kafin shari'a. Ita da kanta tana da ikon rubuta buƙatar ko mai kare ta ya rubuta, a nuna tana shayarwa, ba ta taɓa laihi ba, kuma ga adireshin da za a same ta duk sadda aka kira, kuma don Allah kada adireshin ya zama gidan mijin. In an ƙi ana iya sake nema.

Sai babban aikin, wanda ku dangi ne kawai za ku iya shi. Yanzu haka abin da ke gaban alƙali takarda ɗaya ce, sartifikar mijin mai cewa hannu ya karye. Shekarun da ta yi tana shan duka babu su a dosiye don ba wanda ya taɓa rubuta su. Doka ta san kare kai, in mutum na cikin haɗari a wannan lokacin kuma abin da ya yi bai wuce kima ba, ta kuma san tsokana da dalilan sassauci, har ana iya yanke hukunci a dakatar da zaman kason, amma alƙali ba ya aiki da "kowa ya sani". Ku nemo maƙwabtan da suka ji ihunta daren, mai unguwa ko limamin da ya taɓa yi musu sulhu, likitar da aka kai ta sadda cikin ya zube don suna da rajista, kuma a roƙi alƙali ya sa likita ya duba jikinta, tabon wayar wuta ba ya ɓacewa da wuri. Ita ma tana da ikon kai ƙarar mijin kan dukan.

Mai kare ta yana iya ambato ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamban 2010 kan mata 'yan kaso, sun ce a fifita hukuncin da ba na kulle ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, kuma a duba cin zarahin da mace ta sha kafin ta aikata laihin. Ba su tilasta ma alƙali amma suna da nauyi. Kuma kada wani ya ce muku ku jira ahuwar shugaban ƙasa ta ranar salla ko 18 ga Disamba, ahuwa ta waɗanda aka riga aka yanke ma hukunci ce, mai jiran shari'a ba ta ciki.

Mai jika 200 kuwa ku tambaye shi rasit, za ku ga gudu.

Alhaji Na Wadata:

Allah ya kyauta. Ni dai a ganina ku bi maganar mahaifinku, duk wannan hanyar kotu da ƙungiyoyi tsawaita abu take kuma tana ƙara ƙiyayya, ga ɗiya ukku tsakani. Allah ya ce in kun ji tsoron saɓani tsakaninsu ku tada mai sulhu daga danginshi da mai sulhu daga danginta, yana cikin suratun Nisa'i. A samu manya su zauna a ja ma yaron kunne a rubuta a gaban hakimi. Ba na goyon bayan duka, ni shekara da shekaru da iyalina ban taɓa ɗaga hannu ba, amma mace ta fasa ma mijinta kai ita ma ta wuce wuri, gaskiya ɗaya ce.

Sajfam Rabi:

Alhaji da girmanka, sulhun nan ai shi aka yi ta yi har aka zo nan. Kowane yaji da ta yi ba manya ne suka zauna suka maida ta ba? Surar da ka jawo ita ce kuma ta ce a zauna da mata da kyautatawa, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce matar da ake cutarwa in cutar ta tabbata alƙali na iya raba auren ba sai ta biya komi ba. Haƙurin nan kullum mutum ɗaya ake ba shi. Ni ungozoma ce, matan da ke zo min da ido a kumbure su ce ƙofa ce ta buge su ba su da iyaka, wata da ciki wata bakwai da shatin takalmi a mara, uwar mijin na tsaye kanta don kada ta yi magana. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matanmu an yi musu aure kafin shekara 18, yarinyar da aka kai tana 16 ba karatu ba sana'a ba ko dala nata, in ta fito ina za ta, gidan uban da zai maida ta kafin magariba?

Maman Nafisa ga nawa. Abdul ya yi miki maganar fitowa, ni ta bayan fitowa zan yi, don ranar da ta fito haɗarin ya fi na da, mutumen nan yana ganin an kunyata shi cikin gari. Ki shawo kan maigidanki tun yanzu ta sauka wajenku Yamai ko wajen wata gwaggo nesa da shi. Nan Yamai akwai SOS Femmes et Enfants Victimes de Violence Familiale, sun daɗe suna wannan aikin, suna sauraro suna raka mace wajen hukuma. 'Yan sanda da jandarmomi duk suna da sashen kula da mata da ƙananan yara, shi za ku nema da suna in kun shiga. Tawa ma tana cikin jihohi huɗu da shirin Spotlight ya yi aiki kan cin zarahin mata, da Maradi da Damagaram da Tillaberi, in kin isa ki tambaya a asibitin uwa da yaro ko ofishin kula da ci gaban mata za a nuna miki masu aikin. Kuma ta samu wanda za ta yi magana da shi, mai irin wannan tarihin sai ta fito ta kasa barci, ta riƙa firgita, ta tsani kanta, a ce aljanu ne alhali ciwon da ke zuci ne.

Maganar manyan ɗiyan, ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali, aure da saki da riƙon ɗiya bisa al'ada ake yanke su, alƙali na zama da masana al'adar, amma ana duba maslahar yaro, kuma dokar ANAJJ ɗin nan ta sa mace mai neman riƙon ɗiya ko kuɗin ciyar da su cikin waɗanda ake taimaka ma. Kada ku ɗauka don ta shiga kaso ta rasa su kenan.

Sauran mata masu karantawa kuma, wadda ake duka, ko ba ki shirya fita ba ki tahi likita a rubuta, ki ɗauki hoton raunin, ki aje takardun da na haihuwar yara wajen wadda kika yarda da ita ba cikin ɗakinki ba. In abin ya ɓaci da dare 17 ce lambar 'yan sanda.

Alhaji Na Wadata:

Malama Rabi ban ce a maida ta a kashe ba. In an tabbatar da zancen cikin da ya zube to wannan wani abu ne daban, a raba su shi ya fi. Amma ku lallaɓa tsohon, kada ku yi abin a bayan idonshi.

Maman Nafisa (Bukoki, Yamai):

Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka. Na karanta ma maigidana duka ya ce ta zo nan ba komi, ɗaki ɗaya ne da falo amma za mu matsa. Na kira inna ta ce matar da ke katanga ɗaya da su ta ji komi daren kuma ita ce ma ta ɓalle ƙofar, sai dai mijinta abokin wancan ne tana tsoron ya hana ta magana. Baba har yanzu bai sauko ba, kawu za mu tura mishi don shi kaɗai yake jin maganarshi. Mai jika 200 ya kira ni ɗazu wai ya rage zuwa 150, na ce ya bari sai na neme shi. Ranar lahadi in sha Allahu zan hau mota, litinin da safe in fara da kotun. Hajiya Mai Saƙa dafaffen abinci fa, ana karɓa ko sai ɗanye?

Hajiya Mai Saƙa:

Ana karɓa, amma ki zuba a roba kada ki kai kwanon ƙarfe ko kwalba, cokali ma na roba. Ki yi da ɗan yawa don ba ta iya ci ita kaɗai sauran na kallo, kuma waɗannan matan su ke riƙa mata yaron in za ta wanka. In kin shiga ki daure kada ki fara kuka gabanta, lokacin kaɗan ne, ki tambaye ta sunayen duk waɗanda suka taɓa ganin raunukanta ki rubuta, da shekarar da cikin ya zube da likitar da aka kai ta. Ki turo min saƙo ta ciki in ba ki lambar wata da ke kusa da tasha a Tawa, sai ki kwana wajenta.